Ruwan Da Ba Ya Cin Gishiri

An yi wani sarki a Birnin Gamdau, ana ce masa Zailani, kuma a hannunsa ne wata mata mai suna Tabawa ta yi asarar da ba ta taɓa ɓoye wa kowa ba. Ta rasa mijinta Jatau, dillalin gishirin fada, wanda ya cika a kurkuku da mari a ƙafa. Ta rasa gida mai zaure biyu da rijiya a tsakar gida. Ta rasa ikon ratsa kasuwa da kanta a ɗage, ita da a da in ta doshi rumfar 'yan koli sai an kakkaɓe mata tabarma. Abin da ta samu a madadi kuwa bai taka kara ya karya ba a idon mai kallo: bukka a bayan zango, da hannaye da suka tsattsage kamar dugadugan manomi, da sanin wani hali na ruwa wanda duk malaman fada babu wanda ya san shi.

Ga yadda abin ya faru. Gamdau ƙaramar ƙasa ce, a arewa hamada, a kudu wani babban sarki na Bayan Kogi wanda ya fi ta mayaƙa nesa ba kusa ba. Tun zamanin kakanni aka ƙulla amana cewa kowace shekara, in ayarin gishiri ya sauko daga arewa, Gamdau za ta aika masa gaisuwar kantu ɗari, shi kuma ya riƙe dakarunsa a hayinsa. Kantu, ga wanda bai taɓa gani ba, ƙaton curi ne na gishiri mai faɗin gindi da tsinin kai, ana zuba shi da danshi cikin fafaffen kututture har ya bushe ya yi tauri, kuma da yake kututture ya bambanta da kututture, da wuya ka sami biyu masu girma ɗaya. Sharaɗin amanar shi ne kantu ya isa lafiyayye, ba fasasshe ba, ba hudajje ba, domin a al'adarsu aika wa sarki fasasshen abu daidai yake da aika masa kibiya.

Shekara ashirin da ɗoriya Jatau ne ke zaɓar waɗannan ɗarin. Yakan ɗaga kantu ya ji nauyinsa, ya ƙwanƙwasa shi da zobe ya kasa kunne, ya lasa, sannan ya ce a ɗauka ko a ajiye. Ba a taɓa dawo masa da ko ɗaya ba, sai shekarar da aka fasa wani a gaban sarkin Bayan Kogi aka tarar gishirin ɓawo ne kawai, cikin cunkushe yake da yumɓu da tsakuwa. Aka fasa na biyu, lafiya lau. Aka fasa na uku, yumɓu. Sarkin ya koro manzannin Gamdau da ɓaraguzan a buhu da saƙo gajere, cewa baɗi in aka sake, shi da kansa zai zo ya ɗebi gishirinsa.

Sarki Zailani ba azzalumi ba ne a ɗabi'arsa, sai dai kunya ta fi wuta saurin cinye hankalin mai mulki. Bai tsaya bincike ba. Aka sa wa Jatau mari, aka karɓe gidansa, bai cika wata uku ba ya rasu. Sau ɗaya Tabawa ta je ganinsa, kuma maimakon ta tambaye shi ko ya ci abinci, sai ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, ka yi?" Ya dube ta ya ce, "Har ke?" Ya juya fuskarsa bango. Girman kai ya hana ta komawa da wuri, ran da ta sauko ta dama masa fura kuma, a ƙofa aka gaya mata an kai shi tun hantsi.

Da a nan ya tsaya, da ta haɗiye. To amma Gamdau na da wata al'ada: duk wanda ya mutu da laifin ha'inci a wuyansa, sai a ba sankira sunansa, kowace ranar kasuwa ya hau tudun tsakiya ya yi shela da shi don ya zama izina. Saboda haka duk Laraba, in kasuwa ta cika ta batse, sai a ji ganga, a ji murya: "Jama'a, sarki ya gaishe ku! Ya ce a ji tsoron Allah a cikin awo, kada a yi irin ta Jatau Dillali, maha'inci, wanda ya ci amanar sarki ya mutu cikin mari!" Tabawa tana zaune da ɗan faifan gishirinta bai fi taku talatin daga tudun ba. Ba ta taɓa tashi ba, ba ta taɓa sunkuyar da kai ba, ba ta kuma taɓa rage wa mai saye ko wuri ɗaya don ya tausaya mata ba. Amma kowace Laraba sabuwar jana'iza ce a wurinta.

Sana'ar da ta koma ita ce ta matan da ba su da kowa. Takan share inda raƙuma ke sauke kaya a zango, ta kwaso garin gishiri da ƙasa da kashin raƙumi, ta jiƙa, ta tace, ta dafa ruwan har ya ƙone ya bar farin gishiri a gindin tukunya. A nan ta lura cewa ruwa ma yana da ciki. In ka ba shi gishiri ya ci, ka ƙara ya ci, akwai inda zai kai ya ƙoshi, daga nan ko dunƙule ka jefa masa sai ya kwana uku a ciki da kaifin gefensa bai taɓa shi ba. Wata rana kuma ta tsinci gutsure biyu a shara, nauyinsu ɗaya a hannu, ta jefa na farko cikin cikakkiyar tukunya ruwa ya zubo da yawa, ta cika ta jefa na biyu ya zubo kaɗan. Ta fasa na biyun don ta ga dalili, sai ga tsakuwa a ciki. Ta daɗe zaune tana kallon tsakuwar nan har tukunyar da ke kan wuta ta ƙone ƙurmus. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ce a ranta, ashe maganin yana cikin tukunyar matalauta, kuma sai da ya mutu ta talauce sannan ta iso inda yake.

Shekara ta zagayo, ayari ya sauka, aka jera kantu a farfajiyar fada, aka nemi dillalin da zai zaɓa. Wannan ya ce idonsa ya yi yana, wancan ya tafi gaishe da kawunsa a ƙauye bai ce ga ranar dawowa ba. Sarki ya tara fadawa ya dubi Waziri Zubairu, dattijo mai tsawon shiru, ya ce, "Waziri, in na fasa na karya amana, in ban fasa ba na aika da abin da ban sani ba, kuma kowanne daga cikin biyun ƙarshensa hayaƙi ne a kan garin nan. Na ba ka kwana bakwai ka samo mini yadda za a san cikin kantu ba tare da an taɓa lafiyarsa ba."

Aka gwada mizani, bai faɗi kome ba, domin mai nauyi yana iya zama babba ne kawai. A rana ta uku Alƙali Badamasi ya zo da littafi a hammata, ya ce magabata sun rubuta cewa kowane jiki yana da nauyinsa gwargwadon wurin da ya tare, kuma ana sanin wurin da abu ya tare ne in an nutsar da shi a ruwa an auna abin da ya zubo. Magana ce ta gaskiya, kowa ya yaba. Aka jawo ruwan rijiya mai sanyi aka cika randa, aka zura kantu. Kafin a gama auna abin da ya zubo kafaɗunsa sun zagwanye, da aka ciro shi ya zama kamar tsohon turmin da gara ta ci. Alƙali ya ce a yi sauri a na biyu. Aka yi sauri, ya fito da ƙuraje. Sai da aka lalata uku sannan aka rufe littafi.

Labari ya iso zango kafin la'asar. Tabawa ta ji, ta yi dariyar da ba ta yi ba tun shekara guda, ta ce, "Allah sarki, malaman da ba su taɓa ɗora miya ba! Ka ba kura ajiyar nama, ka ce ta gaya maka nauyinsa?" Maganar ta bi bakin masu ɗiban ruwa har ta kai kunnen Waziri.

Washegari da hantsi sai ga shi a ƙofar bukkarta, ba zagi, ba ɗan rakiya. Ta gaishe shi daga inda take tsugune gaban murhu.

"Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, ba shimfiɗa. Tabarmina suna can gidan da kuka karɓe."

Waziri ya zauna a kan turmi, ya ce, "Matar Jatau, an ce kin yi wa fada dariya. Wanda ya yi wa makaho dariya don ya faɗa rami, ai ya san inda hanya take."

"Na sani."

"To ki faɗa, ki ceci garinku."

"Garinmu? Garin da ke zagin mijina duk Laraba ina zaune? Ranka ya daɗe, ni 'yar kasuwa ce. Kaya gare ni, kai kuma mai saye ne. Taya."

Ya taya da turmi goma na zane da saniya mai ɗa. Ta ce albarka. Ya ƙara da rumfa a layin masu gishiri, ba haraji har ta mutu. Ta ce albarka, ta tura itace cikin wuta. Ya ce a mayar mata da gidanta.

Nan ta ɗago kai. "Gidan wa? Yaushe aka fara sayen kayan mutum da kayansa? Gida nawa ne ko na yi magana ko ban yi ba. Kai dai ba ka da kuɗin kayan nan, Waziri. Kai ni wurin mai shi."

Ta nemi kwana biyu. Ta ari ƙatuwar randa mai faɗin baki wurin marina, ta huda ta ƙasa da leɓe ta sa mata bututun kara, ta zuba duk gishirin da ta tara na wata biyu cikin ruwa tana motsawa har ya ƙi ci, ta tace shi ya yi garau kamar na rijiya, ta ɗura shi a tuluna. A rana ta shida aka ɗauko mata kayan zuwa fada, bakin tulunan a ɗaure da tsumma, tana biye tana yi wa masu ɗauka faɗa kada su zubar.

Ta durƙusa gaban sarki ta yi gaisuwa yadda ta kamata, ba ragi, ba ƙari. Sarki ya ce, "Baiwar Allah, Waziri ya ce kin ƙi duk abin da ya miƙa. Faɗi abin da kike so."

"Allah ya ba ka nasara, harshenka nake so. Da bakinka ka ce mijina maha'inci ne. In na nuna ba shi ba ne, ina so ranar Laraba ka hau tudun sankira, da bakin nan naka ka ce, ni Zailani na zalunci Jatau."

Fada ta ɗauki salati. Dogari ya daka mata tsawa, "Hattara, tsohuwa!" Ta juya ta dube shi sama da ƙasa, ta ce, "Ɗana, in ka iya awon kai ma ga randa." Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit. Fuskarsa ta yi duhu, amma kwana ɗaya ya rage masa.

Ya ce, "Ba a sayen doki a cikin ruwa. Nuna, sannan mu yi ciniki."

"Allah ya ja zamaninka, ba a kuma shanye nono sannan a tambayi kuɗin ƙwarya. Amma na yarda, bisa sharaɗi: awo a gabanku zan yi, sirrin ruwana kuwa yana cikina sai mun daidaita. Kada kowa ya taɓa shi."

Aka kawo mizani. Ta sa aka ɗora kantu a hannu ɗaya, a ɗaya hannun aka yi ta zuba gutsattsarin gishiri tsantsa, wanda kowa ya ga cikinsa, har suka yi daidai. Ta ce, "Kun ga nauyinsu ɗaya. In jinsinsu ɗaya ne, wurin zamansu ma ɗaya ne." Ta tsoma kantun cikin wani tulu tukuna don ƙofofin jikinsa su sha, kada su saci ruwan awo. Sannan ta cika randa har bututu ya ɗiga ya tsaya, ta sa ƙarti biyu suka zura kantun cikin raga a hankali har ruwa ya rufe kansa. Alƙali Badamasi ya kau da kai don kada ya ga asara ta huɗu. Ruwa ya bi bututu ya taru a ƙwarya. Da aka ciro kantun sai ga shi yadda ya shiga, gefensa da kaifinsa, aka jingine shi a rana ya bushe ba tabo. Wani bafade ya ce a'uzubillahi, asiri ne.

Ta sake cika randa, aka zura gutsattsarin nan cikin raga, ruwansu ya taru a ƙwarya ta biyu, tagwayen ta farko. Ta ajiye su gefe da gefe gaban sarki. Bakin ruwan ɗaya. "Wannan lafiyayye ne," in ji ta. Na biyu haka, na uku haka. A na huɗu sai ƙwaryar kantu ta gaza 'yar'uwarta da kusan yatsa uku.

Tabawa ta ce, "Wannan ya yi nauyin manya amma wurin yara ya tare. Akwai abin da ya fi gishiri nauyi a cikinsa. Kafin a fasa, Allah ya ba ka nasara, ga dillalai nan an tattaro su, su gwada shi irin gwajin da."

Aka turo uku daga cikinsu. Suka ɗaga, suka ƙwanƙwasa, suka lasa, kowanne ya rantse bai ga aibu ba. Sarki da kansa ya sauko ya ɗaga shi, ya ɗaga lafiyayyen, ya girgiza kai. Ya ce a fasa. Gatari ɗaya, ɓawon ya dare, jan yumɓu da tsakuwa suka zube a kan dandamalin fada.

Waziri ya sa aka kawo buhun ɓaraguzan bara, ya juya gindin wani ya ɗora kusa da na yau, sai ga alama ɗaya, zanen yatsa uku, tambarin wata rijiyar gishiri can cikin hamada, tafiyar wata biyu, inda Jatau bai taɓa sa ƙafa ba. Kafin azahar an auna talatin, biyar suka gaza, duka biyar ɗin da yatsa uku a gindi.

Tabawa ta goge hannunta da gefen zane, ta ce, "Ina tambaya, a gafarce ni, ni jahila ce. Jatau wata tara ke nan a ƙasa. Tasowa ya yi daga kabari ya cusa wa waɗannan yumɓu?" Ta faɗa ne don fada ta ji, amma ita ta fi kowa jin zafinta, domin ita ma ta taɓa tambayarsa ko ya yi.

A daidai wannan lokacin ne cinikinta ya rushe. Wani ɗigo ya fantsama a bayan hannun Alƙali tun da farko, ya bushe ya bar farin tabo. Alƙali ya duba, ya kai harshe, idonsa ya buɗe, ya ce da ƙarfi, "Subhanallahi! Ba wani asiri, ruwan gishiri ne! An ɗura masa gishiri ne har ya kasa narkar da wani!" Fadawa suka kwashe da dariyar sauƙi. Wani ya ce ashe abin da kowace kuyanga za ta haɗa ne, wani ya ce a ba tsohuwa zane biyu ta tafi, ta ma ci arziki ba a tuhume ta da ɗaga wa sarki murya ba.

Tabawa ta tsaya ƙiƙam. Ta san kasuwa sarai: mai kayan da aka riga aka kwashe ba ya cewa albarka. Watanni tana ɗauke da abu ɗaya tak da za ta sayar, ga shi an lashe shi a bayan hannu.

Sai Waziri Zubairu ya matso ya durƙusa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni izini in faɗi abin da ya kamata in faɗa bara na yi shiru. Kayan matar nan yanzu yana hannunka, ba ta da abin riƙewa, ba ta da dangi a fada, in ka sallame ta da zane biyu babu mai tuhumarka sai Wanda ba ya barci. Saboda haka yau ba gishiri kaɗai aka zura a randa ba. Ka ga ruwan rijiya, ba mugu ba ne, yunwa gare shi, shi ya sa duk abin da aka ba shi ya auna sai ya ci daga jikinsa ya ɓata shaidar. Bara muna jin yunwar wanda za mu ɗora wa kunyarmu, aka miƙo mana Jatau mu auna, muka cinye shi. Hukunci ba ya zama adalci sai in mai yin sa ya ƙoshi, ba ya neman kome a jikin wanda ke gabansa, ko da tsiran mutuncinsa ne."

Sarki ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, ya ce, "Matar Jatau, ciniki yana nan yadda kika bar shi. Gidanki ya koma hannunki yau, ba a cikin ciniki ba. Awon gishirin fada kuma naki ne muddin ranki. Amma abin da kika nema, ki sani ba rowa ce ta hana ni ba. Sarkin Bayan Kogi yana da kunnuwa a kasuwar nan. Ran da ya ji sarkin Gamdau ya hau tudu ya ce na yi zalunci, ran nan zai san gemuna ya kamu. Sarki ba ya faɗin wannan da bakinsa. Zan sa sankira ya daina kiran sunan mijinki daga Larabar nan."

"Albarka," in ji Tabawa.

Dogarai suka dubi juna. Ba a taɓa ce wa sarki albarka a zaurensa ba.

"Shiru ba wanki ba ne, Allah ya ba ka nasara. In aka daina, mutane za su ce an gaji ne."

"To sankira ya yi shela cewa an binciko Jatau ba shi da laifi."

"Albarka. Sankira maroƙi ne, gobe in an ba shi goro aka ce ya ce akuya limamiya ce sai ya faɗa. Wa ya ɗaure Jatau? Sankira?"

Waziri ya ce, "Ni zan hau tudun. Ina wurin aka ɗaure shi ban ce uffan ba, ina da rabona a ciki. Zan faɗa da sunan fada."

Ta shiga juya maganar kamar mai juya ƙwarya tana neman tsaga. Ta so harshen sarki, ta kwana ta tashi da son sa wata tara, kuma ta gane yanzu ba za ta same shi ba ko za ta mutu a nan. Ta kuma gane cewa ko ta same shi, ba zai kai inda take so maganar ta kai ba, domin wanda ya fi cancantar ya ji ba ya cikin masu zuwa kasuwa. Abin da ya rage shi ne kada ta sallama da arha.

Ta ce, "Bakin Waziri ya yi rabin kuɗi. Saura rabi."

Sarki ya ce, "Faɗi."

Ta gyara zamanta, ta dubi sarki ido cikin ido, ta yi magana a hankali yadda ake yi in ciniki ya zo ƙarshe.

"Ka riƙe harshenka, tunda ka ce garin nan a kansa yake rataye. Ƙafafunka nake so. Ranar Laraba, in rana ta take tsaka, ka zo kasuwa a ƙasa, ba doki, ba laima, ba mai yi maka fifita. Ka tsaya a gindin tudun nan, daidai inda nake ajiye faifaina, inda na zauna na ji ana zaginsa. Waziri ya hau ya ce Jatau Dillali amintacce ne, an ɗaure shi bisa kuskure, ya mutu ba da hakkin kowa ba. Ya faɗa sau uku, gabas da yamma da wajen 'yan gishiri. Kai kuwa kada ka ce kome, kada kuma ka motsa sai ya gama. Mai ido ya gani, ya fassara da kansa."

Sarki Zailani ya dubi yumɓun da ke zube a gabansa, ya ce, "Na saya."

Tabawa ta miƙe da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta ɗaure bakin zanenta.

"Miji na bayar, da shekara guda ta raina. An biya ni da tsayuwar sarki a rana da magana uku a bakin Waziri. Bai kai ba, Allah ya sani bai kai ba. Amma na duba kasuwar duniya, babu mai taya shi sama da haka. Na sallama."